Zauren Anti: Ciwon da ba ya warkewa, shikenan kwanciya ce ta rage min?

Tunda na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce nace nima ina cikin masu ciwon lufus, ciwon nan da garkuwar jiki take juyowa ta far wa jikin mai ita, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an kunce famfo, wasu ma ƙarfe biyun dare ake turo su kuma nasan dalili, mai irin ciwonmu shi da bacci sai a hankali. Na tsamo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda kuka roƙa. Ni dai ba likita bace, 'yar uwarku ce a layin ganin likita shekara 14 kenan, don haka maganar likitanka tana gaba da tawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min kaina ya kulle. Shekarata 24, wata takwas kenan da likita yace lufus ke damuna bayan na kusa shekara biyu ana ta min maganin zazzaɓi baya ji. Da ni mai kazar-kazar ce ina aiki ina karatu ko zama bana iya yi, yanzu Mama ta hana ni komai ko tsintsiya na ɗauka sai tace ajiye ki je ki kwanta. Ranar da naji ƙarfi kuma sai in faki idonta in yi wanki in yi goge-goge in fita in rama duk abinda ya wuce ni, washegari ko hannu na kasa ɗagawa sai in kwana uku a gado. Ga wata ƙawata tunda nace mata ciwon garkuwar jiki ne ta daina shan ruwa a kofina. Maganin ma gaskiya na ajiye shi wata ɗaya kenan tunda naga kurajen fuskar sun tafi. Anti shikenan rayuwata a kwance zata ƙare?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ganki sarai, kin tura maganar ajiye magani can ƙarshen saƙo wai ko zan wuce ban lura ba, toh da ita zan fara. Kurajen nan da suka tafi maganin ne ya kore su, ciwon yana nan ya lafe ne kawai. Kusan duk mai lufus ana ɗora shi akan haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin da aka sani ne, kuma halinsa shi ne baya gaggawa, yakan ɗauki makonni har watanni kafin ya kama jiki sosai, haka kuma in kin daina baya fita rana ɗaya, shi yasa wata guda ya wuce kina ganin ai ba abinda ya faru. A 1991 an yi wani bincike a Kanada, aka raba masu lufus da ciwonsu ya lafa gida biyu, wasu suka ci gaba da sha wasu aka cire musu, waɗanda aka cire wa haɗarin tashin ciwonsu ya ninka sau biyu da rabi. Ki kira likitanki a satin nan ki faɗa masa gaskiya, ranar da kika daina da abinda kika daina, zai yi faɗa amma ba kece ta farko ba wallahi, nima nayi a shekarata ta biyu kuma abinda ya biyo baya bana fatan ko maƙiyina ya gani.

Sai maganar ƙawarki. Kar ki ga laifinta da yawa, a bakin Bahaushe da an ce garkuwar jiki hankali sai ya tafi kan cuta mai karya garkuwar jiki, alhali namu kishiyar wancan ne. Wancan ƙwayar cuta ce ta shigo ta raunana masu gadin jiki, namu kuwa masu gadin ne suka rikice suka daina gane 'yan gida, sai su far wa fata ko gaɓɓai ko ƙoda kamar ɓarawo suka kama. Cututtuka irin wannan sun haura 80, akwai amosanin gaɓɓai na rumatoyid, akwai ciwon suga nau'i na ɗaya, akwai masu taɓa hanji da masu taɓa jijiyoyi, kuma ko ɗaya ba a ɗaukarsa ta kofi ko ta gaisawa ko ta kwanciyar aure. A lufus kusan 9 cikin 10 mata ne, yawanci kuma tsakanin shekara 15 zuwa 44 yake bayyana, daidai lokacin da mutum yake ganin yanzu ne zai fara rayuwa. Ni yanzu na daina ce wa mutane ciwon garkuwar jiki kai tsaye, cewa nake jikina ne yake faɗa da kansa, sai a huta da dogon bayani.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Ke da Mama kowa ta kama gefe ɗaya kuma duk gefen biyu rami ne. Ki sani ranar da kika tashi garau ita ce ranar da ta fi haɗari, ba ranar ciwo ba, domin ranar ciwo jikin da kansa zai zaunar dake. Ina tuna wata Asabar na farka naji kamar an min sabon jiki, na sauke labule na wanke, na ja kujeru na share bayansu, na tsaya a rana ina shanya, da yamma har na fita ziyara ina ta dariya ana cewa ai kin warke. Ranar Lahadi da safe na zauna a bakin gado da robar magani a hannu na kasa murɗa murfin, yatsuna sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa, sai da na saka murfin a tsakanin haƙora na juya robar da tafukan hannu biyu, ina yi ina kuka, kukan ma ba na ciwo bane na haushin kaina ne. Daga ranar na kafa wa kaina doka, duk abinda naji zan iya yi a rana mai kyau rabinsa zan yi in tsaya tun ina da sauran ƙarfi. Tsayawa alhali baki gaji ba ita ce abu mafi wuya da zaki koya, zuciya zata ce ƙarasa mana saura kaɗan, wannan saura kaɗan ɗin shi ne kwana ukun da kike yi a gado.

Ki samu ɗan littafi ko ki buɗe waje a wayarki, kullum da dare layi biyu, me nayi yau, ya na tashi gobe. Sati uku kacal zaki fara ganin inda iyakarki take, kuma iyakar tana matsawa gaba in kin bi ta a sannu. Wanki ki raba shi kwana biyu, aikin da za a iya yi a zaune kar ki yi shi a tsaye, in kinsan jibi kina da jarabawa ko fita mai nisa toh gobe ranar tanadi ce.

Ita kuma Mama ki lallaɓa ta ki tafi da ita wajen likita taji da kunnenta, don so ne yake sa ta hakan. Doguwar kwanciya tana narkar da tsoka, gaɓɓai su ƙara sandarewa, ƙashi yayi rauni musamman in kina shan sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi irin su firedinisolon, gajiyar ma ƙaruwa take, kuma masu lufus dama sun fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyin jini, motsi yana cikin kariyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, amma kar adadin ya tsorata ki, can ake son a kai ba daga can ake farawa ba. Ki fara da tafiyar minti 10, ko 5 ma in goman tayi yawa, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, in jiki bai yi ƙorafi ba bayan sati ki ƙara kaɗan. Na ce sassafe ko yamma ne saboda hasken rana yana tayar da lufus a jikin da yawa daga cikinmu, kuma duhun fata baya hana wa, sai dai a namu kurajen basa yin ja kamar na hotunan intanet, duhu suke yi su kwanta a kumatu biyu da karan hanci kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Lema, dogon hannu, man kariya daga rana, ki mayar dasu kamar makullin gida, ba a fita babu su.

Abu biyu kuma da bana wasa dasu. Gwajin fitsari duk lokacin da likita ya sa, domin lufus yana iya cin ƙoda shiru ba ciwo ba komai, in kinga fitsari yana kumfa sosai ko ƙafa ta kumbura ko fuska ta tasa da safe kar ki jira ranar da aka baki. Sai duba ido saboda haidiroksikulorokwin ɗin can yana iya taɓa shi, ana yi a farko sannan duk shekara in an kai shekara 5 ana sha, wasu ma tun kafin nan. Ki koma karatunki ƙanwata, ki dai koma da lissafi.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni namiji ne shekara 38, tela ne, an ce min rumatoyid nake dashi. Da safe sai in fi awa ɗaya kafin in iya riƙe almakashi. Likita ya rubuta min metotireksat amma naga baya min komai sai na koma sayen firedinisolon da dikilofenak da kaina, su kam nan take nake jin daɗi, sai dai fuskata ta cika tumbi ya fito. Ƙwallo kuma na haƙura da ita gaba ɗaya. Ina shan sigari amma kaɗan.

AMSA: Malam sannu da jiki, amma gaskiya saƙonka ya tayar min da hankali. Tarihin maganin da kake ji dashi ɗin nan ma darasi ne. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara ba wata mata da rumatoyid ya kwantar da ita kotizon, ɗan uwan firedinisolon ɗin da kake sha, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana yawo, duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka bashi kyautar Nobel a 1950 shi da wasu mutum biyu. Ba a daɗe ba aka fara ganin abinda kake gani a madubi yanzu, cikar fuska da tumbi, sai waɗanda madubi baya nunawa, hawan jini, suga, ƙashi ya zama kamar alli, ido yayi yana. Firedinisolon ɗan kwana-kwana ne, a kira shi ya kashe gobara ya tafi, ba a bashi ɗaki a gida. Kuma haɗa shi da dikilofenak kullum hanya ce ta gyambon ciki da zubar jini, ga ƙoda tana shan wahala.

Amma dan Allah kar ka karanta wannan ka watsar dashi yau. Akwai wasu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda da suke samar da irin wannan sinadarin, in an daɗe ana sha daga waje sai su yi barci, ka yanke rana ɗaya jiki ya wayi gari babu na waje babu na ciki, mutum yana iya faɗuwa har rai ya salwanta. Likita ne zai sauke ka mataki-mataki.

Shi metotireksat da ka raina shi ne mai hana gaɓɓan lalacewa, kuma gaɓar da ta karkace bata dawowa, kai kuwa yatsunka su ne jarinka. Yana ɗaukar sati shida zuwa wata uku kafin aga aikinsa, mutane da yawa a nan suke karaya. Sau ɗaya a SATI ake shansa, na rubuta da manyan baƙi ne don an rasa rayuka saboda shansa kullum bisa kuskure, ka zaɓi rana ɗaya ka rubuta a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folik asid da gwajin jini lokaci-lokaci don duba hanta. In an bashi lokacinsa bai wadatar ba akwai wasu da ake ƙarawa ko a canja.

Sandarewar safe kuwa, ka tashi da wuri ka jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti goma kana buɗewa kana dunƙulewa a ciki, yanka ka bar shi sai hantsi ko ka yi shi tun jiya da yamma, ka naɗa wa hannun almakashin tsumma yayi kauri, duk rabin awa ka tashi daga kan keken ka miƙe. Ƙwallo ta gaske mai karo da juna ka bari sai gaɓɓai sun huce ka tambayi likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa gaɓɓai, kafin nan keke da ninƙaya da tafiya suna nan basa dukan gwiwa. Caroline Wozniacki 'yar wasan tanis ta Denmak a 2018 aka gano tana da irin ciwonka, ta ci gaba da wasa har farkon 2020, ta haifi yara biyu ta sake dawowa fili a 2023. Sigari kuma babu wani kaɗan, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo rumatoyid, tana kuma rage wa maganin ƙarfi.

TAMBAYA: Anti an kusa sa min rana kuma ban faɗa masa ina da lufus ba, yayata tace in yi shiru sai an ɗaura. Kuma wai da gaske ne bama haihuwa?

AMSA: Ƙanwata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da zai ga robobin magani a gefen gado, shi zai kai ki asibiti ranar da jiki ya ƙi, ta yaya za a ɓoye masa? Ki faɗa masa yanzu, ba a waya ba, in da hali ku je wajen likita tare yayi tambayoyinsa. In ya tsaya kin samu abokin tafiya, in ya gudu zafin yau ya fi sauƙi akan na bayan shekara biyu da goyo a baya. Yayarki tsoro take ji miki, na fahimce ta, amma ban bi bayanta ba.

Haihuwa kuwa muna yi, nawa biyu. Sai dai cikinmu shiri yake so, likitoci sun fi son ciwon ya kwanta aƙalla wata 6 kafin a ɗauka, musamman in ya taɓa ƙoda. Metotireksat da maikofenolet suna illata jariri, dole a canja su tun kafin ciki ya shiga, haidiroksikulorokwin kuwa ana ci gaba dashi har shayarwa, kar wani ya ce miki ki ajiye. Akwai gwajin jini biyu da za a miki, ɗaya na duba ko jininki mai saurin daskarewa ne wanda yake jawo ɓari, in haka ne akwai asfirin ƙarami da allurar tsinka jini, ɗayan kuma na wani sinadari ne da yake taɓa bugun zuciyar jariri a kusan 2 cikin 100 na masu shi, sai a riƙa bibiya da sikanin. Ko maganin tazara ma ki tambaya kafin ki sha don ba kowanne ne ya dace damu ba. Mafi yawan 'ya'yan masu lufus basa samun ciwon.

TAMBAYA: Anti naga ana tallan wani magani a Facebook wai yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki yana warkar da lufus cikin kwana 40.

AMSA: Garkuwar da take dukanki ita zaki ƙara wa ƙarfi? Ki riƙe kuɗinki.

TAMBAYA: Hajiya Anti, matata ce aka ce tana da ciwon Shogiren. Ni dai ina ganinta fes, ta yi ƙiba ma, amma kullum na gaji na gaji, ƙarfe takwas tayi barci. 'Yan uwana sun fara cewa son jiki ne, nima gaskiya abin ya fara shiga raina.

AMSA: Malam na gode da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci, amma zan faɗa maka ba daɗi. Gajiyar wannan ciwon ba irin wadda ka sani bace ta a kwanta a tashi garau, mutum zai yi barcin awa tara ya farka kamar an masa duka, ga ido a bushe kamar an zuba yashi, baki a bushe har haɗiya tana wuya, don ciwon yana far wa inda hawaye da yawu suke fitowa ne. Ƙibar ma ka duba takardar maganinta, wataƙila sitiroyid ne. Venus Williams da duniya ta sani da ƙarfi wannan ciwon ne ya sa ta janye daga gasar tanis ta Amurka a 2011 ana tsakiyar gasa, ita ma za ka ce son jiki ne? Ta dawo, ta ci zinare ita da ƙanwarta a wasannin Olamfik na Landan a 2012, ta kai wasan ƙarshe a Wimbildon a 2017 tana da shekara 37, amma sai da ta sake tsarin rayuwarta kaf kuma tana da masu tallafa mata.

Matarka kai ne nata mai tallafin. 'Yan uwanka kai zaka yi wa bayani ba ita ba, in ka yi magana sau ɗaya da murya mai ƙarfi zancen zai mutu. Ka daina tambayarta ya jiki don zata ce da sauƙi ko tana mutuwa, ka tambaye ta yau ƙarfinki nawa ne cikin goma, in tace uku ka san ranar ba ta aiki bace, in tace bakwai ka ja ta ku taka zuwa ƙarshen layi ku dawo, kuma kai zaka ce a juya tun bata ce ba. Ranar asibiti mai zuwa ka ɗauki hutun rabin yini ka bi ta, ka shiga har ciki kar ka tsaya a mota.